Yadda zaka janyo ƙaninka in ka ga ya fara zurfi a tsattsauran ra'ayi

Wannan rubutun na yayye ne da iyaye, da matar da ta ga maigidanta ya fara canzawa, da duk wanda yake da wani yaro a gida da ya shiga addini da ƙarfinsa har abun ya fara ba mutanen gida tsoro. Magana ce ta cikin gida, me zaka yi, me zaka faɗa, me zaka haɗiye ka yi shiru, da kuma lokacin da zaka san abun ya fi ƙarfin gida.

Kafin komai ka tabbatar ciwon ne, don da yawan iyaye suna ruɗewa a banza. Yaro ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ya fara azumin Litinin da Alhamis, ya goge waƙoƙin wayarsa, yana tashi tsakar dare yana nafila, wallahi duk wannan ba alamar komai bane sai alheri, kuma in ka yaƙe shi a kan waɗannan toh ka gama taimakon masu son sace maka shi, don dama abun da suke faɗa masa kenan, wai mutanen gidanku maƙiya sunna ne. Haka in gidan ɗariƙa ne yaro ya koma Izala, ko gidan Izala ne yaro ya fara zuwa wazifa, ko rigimar ƙablu da sadlu, wannan tsohuwar rigima ce da muka saba da ita tun kafin a kafa Izala a Jos a 1978, tana ɓata rai, tana raba zumunci wani lokacin, amma ba ita nake nufi ba.

Abun da zaka sa wa ido shi ne tausayinsa, da kuma yawan mutanen da har yanzu yake ɗauka a matsayin musulmi. Zaka ga kullum suna raguwa. Yau 'yan siyasa ne kafirai, gobe soja da ɗan sanda, jibi duk mai ɗaukar albashin gwamnati, sannan malaman da ya taso yana sauraron tafsirinsu duk azumi su koma "malaman fada", sannan limamin unguwa, daga nan sai Baba. Kuma ba kullum zai fito ya faɗa da baki ba. Zaka ga an tada iƙama a masallacin ƙofar gida shi kuma sai lokacin ya shiga banɗaki, ko ya bi jam'i ya dawo ɗaki ya rufe ƙofa ya sake sallar. Ranar layya Baba ya yanka rago, Umma ta soya, ta zuba masa a kwano, sai ya ce ya ƙoshi, kwanon yana nan har dare bai taɓa ba. An yi rasuwa a maƙwabta, mamacin tsohon ɗan sanda ne, kowa ya tashi zuwa jana'iza shi yana zaune yana latsa waya. Bakinsa ya cika da ɗagutu, murtaddi, hijira, daula, kuma fa kalmomin nan suna cikin littattafai na gaskiya, matsalar ita ce yadda yake liƙa su a goshin mutanen da ya sani da sunansu. In kuma ka taɓa ganin yana kallon bidiyon yanka mutum fuskarsa ba ta canza ba, ko ma yana kabbara a hankali, toh kar ka yaudari kanka da cewa ƙuruciya ce.

Mu a ƙasar nan ba mu da uzurin cewa ba mu san inda hanyar take ɓullewa ba. Muhammadu Marwa Maitatsine ya daɗe a 'Yan Awaki yana tsine wa mai agogo da mai rediyo da mai keke, mutane suna wucewa suna dariya, sai a Disambar 1980 aka wayi gari sama da mutum 4,000 sun mutu a Kano, kuma bayan shi kansa ya mutu almajiransa suka sake tayarwa a Bulunkutu a 1982, Jimeta a 1984, Gombe a 1985. Muhammad Yusuf, wanda ya kafa Boko Haram, shi ma a fili yake wa'azi a Markaz ɗinsa na Maiduguri, kaset ɗinsa ana sayarwa a kasuwa, samari masu digiri suna yaga satifiket a gabansa, iyayensu suna gani suna cewa zai wuce. Bai wuce ba.

Toh ka gano. Abu na farko da zuciyarka zata ce maka shi ne ka kama shi ka zane, ko ka ƙwace wayar, ko Baba ya ce in bai daina ba ya bar masa gida. Dan Allah kar a yi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma a wannan harkar korar yaro daga gida daidai take da ka kai shi tasha ka biya masa kuɗin mota zuwa wajensu. Mutanen nan ba da hujja kaɗai suke kama yara ba. A Maiduguri zamanin Muhammad Yusuf ana ba saurayi wurin kwana, a ba shi abinci, a ba shi jari ko babur ya yi acaɓa, a yi masa aure da sadaki kaɗan, a kira shi ɗan'uwa a saurare shi. Lakurawa ma da suka shigo yankin Tangaza da Gudu ba da bulala suka fara ba, da sunan kare mutane daga ɓarayin daji suka shigo, sai daga baya aka ga karɓar zakkar dole da dukan masu jin kiɗa. Yaron da aka kora yau da daddare, kafin asuba akwai wanda zai buɗe masa ƙofa, kuma wannan ƙofar in ta rufe da shi a ciki buɗe ta sai Allah. Saboda haka ko me ya faɗa, ko ya kira ka da sunan da ya ƙona maka rai, kwanonsa na abinci ya ci gaba da fitowa, ɗakinsa ya ci gaba da zama nasa, a ci gaba da aikensa, a ci gaba da sa shi a shawarar gida. Ku zauna ku manyan gidan ku yi magana ɗaya a kan wannan, don in Yaya yana lallashi Kawu yana zagi aikin banza ake.

Sai ka nemo abun da yake ƙarƙashin maganar. Da wuya ka samu yaron da ya kwanta lafiya ya tashi yana kafirta duniya. Wani ya gama makaranta shekara da shekaru ba aiki yana ganin 'ya'yan manya ana raba musu, wani an taɓa marinsa a shingen bincike a gaban jama'a, wani budurwa ce aka hana shi don ba shi da kuɗin lefe, wani kuma zunubi ne ya yi a baya yake ta cinsa yana neman abun da zai wanke shi gaba ɗaya lokaci ɗaya. Ka ɗauke shi ku fita, ba zaman tuhuma a falon Baba ba, ku je wajen mai shayi bayan isha'i ko ka ce ya raka ka wani gari a mota, don mutum ya fi buɗe baki in ba ido cikin ido ake ba. Ka tambaya ka yi shiru. Zai yi ta zuba, zai faɗi abubuwan da zasu sa jininka ya hau, ka daure.

Kuma ga inda da yawa suke faɗuwa, in ya faɗi gaskiya ka ce masa gaskiya ne. Zai ce maka shugabanni suna sata, gaskiya ne. Zai ce an kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Yulin 2009 ba tare da an kai shi kotu ba, haka aka yi. Zai kawo maka ɗaruruwan da aka kashe a Zariya a Disambar 2015, zai kawo masu Maulidin Tudun Biri da jirgi ya jefa wa bam a Disambar 2023, zai kawo Gaza. In ka tsaya kare waɗannan ka zama maƙaryaci a idonsa, kuma daga ranar duk abun da ka faɗa ya zubar. Ka ce masa, ƙanina abun da yake ƙona ka ni ma yana ƙona ni, inda muka rabu shi ne maganin. Sannan a hankali ka tambaye shi, waɗanda suka ɗauki makami da sunan rama wa musulmi, su wa suka fi kashewa? Waɗanda suka mutu a babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwambar 2014, sama da mutum 100, sahu suka tsaya zasu yi sallah. Yaran da aka kashe a makarantar kwana ta Buni Yadi a Fabrairun 2014 barci suke. Manoma da masunta na bakin tafkin Chadi, mutanen Baga, mutanen Bosso da Diffa, su wa suka zalunta? Ɓarawon gwamnatin da ake cewa ana yaƙa yana Abuja 'ya'yansa suna Ingila, ko ƙwarzane bai samu ba.

Yanzu maganar hujja, kuma nan ne nake so mu ɗan daɗe, don akwai wanda ya riga mu yin wannan aikin kuma ya yi shi da kyau, Abdullahi ɗan Abbas. Lokacin da Khawarijawa suka ware daga Sayyidina Ali suka taru a Harura suna cewa ya kafirta, Ibn Abbas ya nemi izini ya je wajensu. Bai je da takobi ba, bai aika musu da zagi daga nesa ba. Ya sa mafi kyawun tufafinsa ya taka har inda suke, kuma shi da bakinsa ya ba da labarin cewa bai taɓa ganin mutane masu ƙoƙarin ibada kamarsu ba, goshinsu duk ya yi kanta saboda sujada, kaga kenan tun a lokacin yawan ibada bai hana mutum ɓata ba. Ya ce musu daga wajen sahabbai nake, waɗanda Alƙur'ani ya sauka suna nan, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a cikinku. Sai ya ce su faɗi abun da suke tuhumar Ali da shi. Suka kawo uku, ya ce akwai saura? suka ce babu. Ka lura da wannan sosai, sai da ya bari suka juye buhunsu kaf, sannan ya sa sharaɗi, in na kawo muku amsa daga Littafin Allah da sunna zaku dawo? suka ce eh.

Na farko suka ce ya sa mutane yin hukunci alhali hukunci na Allah ne. Ya karanto musu ayar Ma'ida inda Allah ya sa adilai biyu su yi hukunci a kan dabbar da mai harami ya kashe, da ayar Nisa'i inda aka ce a tashi mai sulhu daga dangin miji da dangin mata, ya ce toh jinin musulmi da zomo wanne ya fi cancantar a sa mutane su sasanta? Na biyu suka ce ya yi yaƙi bai kama bayi ba bai kwashi ganima ba. Ya ce uwarku A'isha zaku kama? in kun ce eh kun halaka, in kun ce ba uwarku bace kun ƙaryata Alƙur'ani. Na uku suka ce ya goge wa kansa sunan Amirul Muminina a takardar sulhu. Ya tuna musu Hudaibiyya, inda Annabi (SAW) da kansa ya yarda a goge "Manzon Allah" a rubuta Muhammad ɗan Abdullahi. Duk wadda ya amsa sai ya tambaya, mun fita daga wannan? A wata ruwayar mutum 2,000 cikin 6,000 suka dawo. Ba duka ba fa, har Ibn Abbas bai samu duka ba, kuma daga cikin irin waɗanda suka ƙi ne aka samu Ibn Muljam da ya sari Ali a Kufa cikin Ramadan shekara ta 40 bayan hijira, yana ganin aikin lada ya yi.

Tsarin kenan da zaka bi. Ka sa ya lissafo shubuhohinsa da kansa, in ya yarda ma a rubuta a takarda, a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, kar ka bari ya yi tsalle daga dimokuraɗiyya zuwa boko zuwa Falasɗinu a numfashi ɗaya, don haka suke yi in an matse su. Kuma tambaya ta fi huɗuba aiki. Misali ya ce duk mai aikin gwamnati ya yi ridda. Kar ka ce kai jahili ne. Ka ce, toh Baba fa, shekara talatin yana koyarwa a firamare, da albashin nan aka yi maka suna aka sa ka islamiyya, shi ma? In ya yi shiru ka bar shi da shirun, kar ka cike masa. In ya ce eh shi ma, ka ce toh auren Baba da Umma fa, ya warware kenan? in ya rasu ba zaka yi masa sallah ba, ba zaka ci gadonsa ba? Annabi Yusuf da ya riƙe taskar Masar a ƙarƙashin sarkin da ba musulmi ba fa? Ka tuna masa Usama ɗan Zaid da ya kashe mutum a fagen yaƙi bayan mutumin ya yi kalmar shahada, ya ce tsoron takobi ne ya sa ya faɗa, Annabi (SAW) ya ce masa ka tsaga zuciyarsa ne, ya yi ta maimaita masa har Usama ya yi fatan dama ranar ya musulunta. Wannan a tsakiyar yaƙi kenan, ina ga mutumin da yake sallah a bayanka sau biyar. Ka tuna masa hadisin da ya ce wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri kalmar tana komawa kan ɗayansu. In maganar tafiya jihadi yake, ga mutumin da ya zo neman izinin fita aka tambaye shi iyayenka suna da rai, ya ce eh, aka ce koma ka yi jihadinka a kansu. Kuma tun da yana son tarihin Shehu Usmanu, don dukkansu suna fakewa da shi, ka gaya masa Shehu ya yi rubuce-rubuce yana raddi ga ɗaliban zamaninsa da suke kafirta talakawa don kawai ba su iya kawo hujjojin tauhidi irin na malamai ba.

Kar ka zube masa duka a dare ɗaya. Ɗaya ka jefa ka tashi ka tafi, ka bar shi ya kwana da ita. Kuma kar ka jira ya ce Yaya ka yi gaskiya, ba zai faɗa ba, girman kai na samartaka ba zai bari ba. Alamar nasara ita ce ranar da zaka ga ya shiga sahu bai sake sallah ba, ko ya ja kwanon naman ya ci.

In abun ya fi iliminka, kuma galibi zai fi, don yaran nan suna haddace ayoyi da maganganun Ibn Taimiyya gutsure-gutsure, sai ka nemo malami. Amma ba kowane malami ba. Wanda ya riga ya yanke wa hukuncin ɗan bidi'a ko malamin fada ko ya kawo hujja kamar rana ba zai ji ba. Ka nemo wanda ya karanta littattafan da shi yaron yake taƙama da su, ya karanta su daga farko har ƙarshe, zai iya buɗo masa shafin da aka ɓoye masa. Shi ya sa raddin da ya fi yi wa su Muhammad Yusuf ciwo daga wajen irin su Malam Ja'afar Mahmud Adam da Malam Albani Zariya ya fito, da muƙabalar da Malam Isa Pantami ya yi da shi, don yare ɗaya suke ji. Malam Ja'afar an harbe shi yana limancin asuba a Ɗorayi a Afrilun 2007, Albani an kashe shi da matarsa da ɗansa a Zariya a Fabrairun 2014 kuma Shekau ya fito ya ce su ne. Karatuttukansu a kan wannan fitinar suna nan a intanet, zaka iya kunnawa a mota kamar kai kake ji ba don shi ba. Zaman da malami kuma ya zama a keɓe, su biyu ko ku uku, kar a tara jama'a, kar a ɗauka a waya, kuma don girman Allah kar a yi muhawarar a guruf ɗin WhatsApp na dangi, don a gaban mutane ba gaskiya yake nema ba, mutuncinsa yake karewa.

Maganar waya. Ƙwacewa ba ta magani, zai ari ta aboki kuma ka koya masa ɓoyo. Abun da ya fi shi ne ka san me yake ji da wa yake ji. TikTok da YouTube in ka kalli bidiyo ɗaya mai zafi gobe goma zasu kawo maka, daga nan wani ya yi masa magana ta akwatin saƙo ya ce akwai wani guruf a Telegram na 'yan'uwa masu gaskiya, shikenan an ja shi ɗaki. Ka ce ya turo maka abun da yake ji kai ma ka ƙaru, ka ji da gaske, sannan ka tambaye shi mai maganar nan wane ne, a ina ya yi karatu, wa ya ba shi ijaza, me ya sa yake rufe fuska. In guntun wa'azi ne na sakan arba'in ku nemo cikakken ku ji tare, sau da yawa abun da ke gaba yana rushe abun da aka yanko.

Sannan zafin nan nasa kar ka yi ƙoƙarin kashe shi, ka nema masa aiki. Yaro mai kishin addini dukiya ne in ya samu hanya. A sa shi karatu na tsari a gaban malami, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Iziyya da Risala, ko Arba'una da Umda da Bulugul Marami in can ɓangaren ya fi so, da Larabci, don abun mamaki zaka samu wanda yake yanke hukuncin ridda a kan al'umma guda bai gama sanin ƙabli da ba'adi ba, kuma fiƙihu yana da wani abu, in mutum ya ga manyan malamai sun yi saɓani a mas'ala ɗaya kowa da hujjarsa kuma ba wanda ya kafirta wani, kansa yana saukowa da kansa. A sa shi aikin agaji, kai abinci asibiti, ba da jini, tara wa marayu kayan sallah, wankan gawa. Aljihunsa ma a duba, ko gyaran waya ne ko ɗinki ko a tsayar da shi a shago, in kuma aure yake so kuma da hali a taimaka masa. Wanda zai buɗe shago ƙarfe takwas ba ya kaiwa ƙarfe uku na dare a Telegram. 'Ya mace ma haka, kar a ce ai mace ce, ana jan su ta hanyar alƙawarin aure da "mijin sunna" da ba wanda ya san danginsa, kuma duk manemin da ya ce kar a gaya wa iyaye an gama sanin ko wane ne.

Akwai wani nau'in kuma da ba ya buƙatar ƙungiya ko daji, shi ne na taron jama'a. Wani ya yi ihu an yi ɓatanci, kafin minti goma an tara duwatsu da taya, kuma rabin masu jifan ba su ji abun da aka faɗa ba. Mun gani a Sakkwato a 2022 da ɗaliba, mun sake gani a 2023 da mahauci wanda shi musulmi ne ma. Wannan tun kafin ranar ake yi wa yaro maganarsa, a gaya masa ƙarara cewa ko a ƙarƙashin shari'a hukunci na alƙali ne, da shaidu da bincike da jin ta bakin wanda ake zargi, kuma in ya ji irin wannan ihun gida zai nufo. Son Annabi (SAW) ba a tababa a kansa, amma Annabin nan ne baƙauye ya yi fitsari a masallacinsa sahabbai suka taso masa ya ce ku ƙyale shi ya gama, a zuba ruwa a wajen. Kuma cutar ba ta musulmi kaɗai bace, matafiyan da aka tare a hanyar Rukuba a Jos a 2021 suna dawowa daga zikiri a Bauchi ba musulmi ne suka kashe su ba, kuma Fasto James Wuye na Kaduna da bakinsa yake ba da labarin yadda ya jagoranci matasan Kirista a faɗa har ya rasa hannu a rikicin 1992, kafin shi da Imam Muhammad Ashafa, wanda shi ma aka kashe masa malami da 'yan'uwa, su haɗu su kafa cibiyar sasanci. In maƙwabcinka Kirista yana fama da irin wannan yaron, kusan duk abun da na faɗa zai yi masa aiki, littafin ne kawai zai canza.

Wani lokacin kuma a gida ɗaya zaka samu kishiyar wannan, ɗan jami'a da ya ga duk jinin nan ya ce ai addinin ne matsalar gaba ɗaya, da babu shi da an zauna lafiya. Shi ma kar a tsine masa, kuma kar a ce masa wai masu kisan ba su da alaƙa da addini, don ya ji su suna jan aya, ya san ƙarya ne. Abun da zaka nuna masa shi ne a Yunin 2018 a ƙauyen Nghar na Barikin Ladi, wani dattijon limami Malam Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su, kuma Alƙur'anin da Shekau yake ja shi ne wanda limamin yake karantawa. Sannan ɓarayin dajin da suka hana Zamfara noma ba aya suke ja ba, kuɗin fansa suke nema. Ka haɗa su su biyun a kwano ɗaya in zaka iya, ka hana zagi kawai.

Inda gida ya ƙare kuwa a bayyane yake. In ka ga makami ko kayan haɗa bam, in ya ambaci mutum ko wuri da sunan za'a kai masa hari, in ya fara sayar da kayansa yana biyan basussuka yana bin mutane yana neman yafiya ba gaira ba dalili, in baƙin fuska suna zuwa nemansa da dare, ko ka ga yana tambayar motar wani gari da ba ku da kowa a can, toh lokacin shayi da lallashi ya wuce, ran wasu ne a hannunka. Na san tsoron da ake ji, an sha kama yara a shekarun rikicin Maiduguri iyaye ba su sake jin ɗuriyarsu ba, tsoron ba na banza bane. Shi ya sa ba kai kaɗai zaka je ba. Ka fara da mai unguwa ko dagaci ko hakimi, ku tafi da limami da wani babba da ake jin nauyinsa, in da hali da lauya, a rubuta sunan jami'in da aka miƙa wa maganar da ofishinsa da ranar, a bar kwafi a gida. In kuma ya riga ya tafi, kar a canza lambar wayar Umma, don in zai kira ita zai kira, kuma in ya kira kar a fara da zagi ko kuka mai yawa, a gaya masa akwai hanyar fitowa, a Najeriya akwai shirin karɓar tubabbu da ke da sansani a Malam Sidi ta jihar Gombe, a Nijar akwai cibiyar Gudumariya a jihar Diffa. Ranar da ya dawo kuma a ja kunnen yaran gida da matan unguwa kar wanda ya kira shi da sunan ƙungiyar ko da wasa, sannan a canza masa layin waya a ranar, don na can suna da tsohuwar lambar kuma zasu neme shi.